R.E.M. suna da albam 15, don Allah daga wanne zan fara?

ɗan_samaru

Assalamu alaikum jama'a. Na san wasu za su ce wannan ba tambayar da za a ɓata lokaci a kanta ba ce amma dai ga ta nan. Sati biyu da suka wuce na je aski wani shago nan Samaru, ina zaune ina jiran layi sai mai askin ya saka wata waƙar turawa a 'yar sifikarsa, ba irin waɗanda aka saba ji ba, wani abu ne mai tsirkiya ake ta kaɗawa da sauri kamar an ƙara wa kuntigi tsirkiya, shi kuma mai waƙar muryarsa kamar mutumin da ya faɗi wata magana yana da-na-sanin faɗinta. Na tambayi mai askin ya ce wallahi shi ma bai san ko su waye ba, a memorin wani kwastoma ya kwafa. Na sa wayata ta saurara ta nemo min suna, ashe wasu ne wai R.E.M., waƙar kuma Losing My Religion.

Tun ranar ban da maimaita ta ba abin da nake yi. Da na yi wa wani ɗan ajinmu maganar sai ya ce ai yana da kayansu kaf a laftof ɗin yayansa, ya turo min ta Xender, na buɗe na ga folda 15, waƙoƙi sun haura 150. Na ce bismillah na fara daga ta sama, Accelerate, hayaniyar jita ce tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi kama da abin da na ji wajen aski ba ko kaɗan. Na shiga ta biyu, Around the Sun, kafin waƙa ta huɗu barci ya kwashe ni da iyafis a kunne. Sai na rufe na ce ƙila dai waƙa ɗaya ce suka dace da ita.

To amma raina bai kwanta ba, mutanen da suka yi albam 15 ai ba za a ce waƙa ɗaya gare su ba. Wanda ya san su ya taimaka ya nuna min ƙofar shiga. Sannan tambaya ta biyu, sunan waƙar nan me yake nufi? Yayata ta gani a fuskar waya ta galla min harara ta ce wato har abin ya kai nan, ni kuma ban da amsar da zan ba ta.

tsohon_kaset

Wa alaikumus salam. Ɗana ka ba ni dariya wallahi, har sai da na ajiye kofin shayi. Kwamfuta ce ta jera maka su bisa haruffa, A ta zo farko, kai kuma ka bi ta kamar makaho da ɗan jagora. Ka ci ta ɗaya ka ci ta biyu, ka tsaya daidai bakin ƙofa ka juya. Folda ta uku ita ce Automatic for the People, kuma ita ce amsar tambayarka. Da ka ƙara taku ɗaya da ba ka zo nan ba.

Bari in fara kashe maka wutar gida tukuna. Ka gaya wa yayarka ta kwantar da hankalinta, maganar ba ta ridda ba ce. Salon magana ne na mutanen kudancin ƙasar Amurka, inda su 'yan ƙungiyar suka fito, in mutum ya ce haka yana nufin haƙurinsa ya ƙare, tura ta kai bango, kamar dai yadda mu za ka ji an ce kai kar ka sa ni saɓo. Shi Michael Stipe mai waƙar ya sha bayyana cewa a kan son maso wani ce, mutum ya kamu da son wanda bai san yana yi ba, yana ta auna ko ya faɗi abin da ya wuce kima ko kuma bai faɗi komai ba. Sai dai in faɗa maka gaskiya bidiyon waƙar cike yake da mutane masu fukafukai da hotuna irin na zanen coci, to wannan kam kar ka ce za ka kafa hujja da shi a gaban yaya, ƙara dagula lissafi za ka yi. Abin da ka ji kamar kuntigi kuma mandolin ne, Peter Buck mai jitarsu ne ya saye shi yana koyo, a cikin koyon kiɗan ya fito. Tana cikin Out of Time na 1991.

To me ya sa ban ce ka fara da Out of Time ɗin ba tunda can waƙarka take? Saboda albam ne mai faɗi-tashi, waƙa ta kai ka sama ta gaba ta sauke ka. Da waƙar da suka yi da mawaƙin rap KRS-One aka buɗe shi, ni har yau tsallake ta nake yi. Automatic kuwa, 1992, waƙa 12, ba wacce za ka ce a cire, to ban da Ignoreland wataƙila, ita ce ta siyasa, tana nan a tsakiya kamar baƙon da ya shigo zaman makoki da muryar kasuwa.

Ni a kaset na fara jinsa, ina ɗalibi, na saya a Sabon Gari wajen masu baza kaset a tebur, kwafi ne ma ba na asali ba, bangon har ya koɗe. Gefe ɗaya sunansa Drive ɗaya gefen Ride, haka suka sa musu maimakon A da B. Batir ya yi tsada a lokacin, da biro muke mayar da zaren baya don kar rediyo ta cinye shi, saboda haka ba ka da gatan tsallake-tsallake, abin da ya zo shi za ka ji. Ina ganin wannan ne ya sa albam ɗin ya shige ni yadda ya kamata, domin an jera shi ne kamar tafiya. Drive ta buɗe a hankali kamar mota na fita daga gari da asuba. Try Not to Breathe tsoho ne da ya ga lokacinsa ya yi yana sallama. Everybody Hurts ita ce kowa ya sani, sun yi ta da kalmomi masu sauƙi da gangan saboda matasan da duniya ta yi wa zafi har suke tunanin kashe kansu, kuma mafi yawanta Bill Berry mai gangarsu ne ya tsara, abin mamaki kuma kusan ba ganga a cikinta, na'ura ce ke bugawa. Gogen da za ka ji yana tashi a bayan wasu waƙoƙin John Paul Jones na ƙungiyar Led Zeppelin ne ya shirya shi.

Akwai Sweetness Follows, a kan rasuwar iyaye da 'yan'uwan da suka yi nisa da juna. Shekaru na yi ina jinta a matsayin waƙa kawai, sai shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan an share makoki kowa ya watse, ina tuƙi ni kaɗai daga cikin birni zan koma gida, ta zo daidai Kofar Doka, dole na gangara gefen titi na kashe mota. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Sai uku na ƙarshe, Man on the Moon, Nightswimming, Find the River, a jere. Ban san albam ɗin da aka rufe da uku irin waɗannan ba. Ka bari sai dare, ka kashe data don kar saƙo ya dame ka, ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe, bai kai minti 50 ba. Sunan ma daga wani gidan abinci ne a garinsu, Weaver D's, taken mai gidan ke nan, wato duk abin da ka nema an gama, kamar mai shayi ya ce maka an yi an gama yallaɓai.

'yar_kongo

Baba tsohon_kaset a gafarce ni, ban ƙi ta taku ba, Automatic shi ne gwani na gwanaye ba musu, amma ni ina ganin ba da shi ake farawa ba. Ku duba fa yaron nan yanzu ya gama ba mu labarin barci ya sace shi a kan albam mai sanyi, ku kuma kun miƙa masa wanda ya fi kowanne sanyi, rabinsa zancen mutuwa. Kuma in ya fara da shi zai ɗauka haka R.E.M. suke, masu fiyano da goge, alhali shekara goma suka yi suna kiɗa mai gudu kafin su zauna. Wanda ya fara cin naman ai tuwon ba zai masa daɗi ba.

Ƙanena abu na farko, ka koma foldojin nan ka sa wa kowacce shekararta a gaban suna, sai su jeru da kansu. Da ka yi haka za ka ga abin ya rabu gida uku cif, biyar biyar biyar, ni ma sai da na jera na lura. Biyar na farko a ƙaramin kamfani suka yi su, I.R.S., duk shekara albam ɗaya ba fashi: Murmur 1983, Reckoning 1984, Fables of the Reconstruction 1985, Lifes Rich Pageant 1986, Document 1987. Biyar na tsakiya bayan sun koma Warner Bros ne suka zama manyan duniya: Green 1988, Out of Time 1991, Automatic 1992, Monster 1994, New Adventures in Hi-Fi 1996. Biyar na ƙarshe kuma bayan mai ganga ya tafi ne: Up 1998, Reveal 2001, Around the Sun 2004, Accelerate 2008, Collapse into Now 2011. Ka ga ke nan kai daga gida na uku ka shiga, ta taga ma ba ta ƙofa ba, kuma Around the Sun ɗin da ya sa ka barci su kansu 'yan ƙungiyar sun amsa cewa bai yi ba, Accelerate ma ai don su wanke kansu suka yi shi gajere mai zafi, minti 35 ko ƙasa da haka.

Ni Document zan ce. Shi ne a kan iyaka, ƙafa ɗaya a tsohon salo ɗaya a sabo, muryar Stipe ta fito fili ana jin abin da yake cewa, gangar Berry kamar ana sara itace. Shi ne na farko da suka yi da furodusa Scott Litt wanda suka ci gaba da aiki da shi har 1996. A ciki akwai The One I Love, waƙarsu ta farko da ta shiga goman farko a Amurka, kuma don Allah kar ka ga suna ka tura wa budurwa, mutane da yawa sun yi wannan kuskuren, in ka saurara da kyau cewa yake ita abin rage lokaci ce kawai, cin mutunci ne aka naɗe a takardar soyayya. Akwai kuma It's the End of the World as We Know It da yake zuba kalmomi kamar ɗan kamasho na kiran fasinja a Kwangila, ba mai iya binsa sai an zo amshi kowa ya shigo.

In Document ya zauna maka sai ka ja baya taku ɗaya zuwa Lifes Rich Pageant, wanda ni a zuciyata ma ya fi, akwai Fall on Me da Cuyahoga, ta biyun sunan wani kogi ne a jihar Ohio da ƙazantar masana'antu ta yi masa yawa har wuta ta kama a kansa a 1969. A nan ne za ka gane sirrin ƙungiyar nan, ba Stipe kaɗai ba ne, ka kasa kunne ga murya ta biyu, Mike Mills mai jitar bes, ba amshi yake yi irin na 'yan amshi ba, wata waƙar daban yake rerawa a ƙarƙashin ta Stipe kuma su haɗu su dace. Da zarar kunnenka ya kama wannan shi ke nan ka shiga. Bayan nan ka je wa Automatic ɗin Baba da nutsuwa.

na_gyallesu

Ikon Allah. Duk waƙoƙin da Shata ya bari ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaya daga ina zai fara, sai na wasu turawa da ko sunansu ba ya faɗuwa a baki. Allah ya shirya.

'yar_kongo

Amin Malam, ya shirye mu baki ɗaya. Amma ai Shata a cikinsa aka haife mu, a rediyon gida da motar haya da gidan biki, ba wanda ya zaɓi ta farkon da ya ji. Bature da za a miƙa wa memori cike da Shata shi ma sai ya yi irin wannan tambayar, in aka bar shi da jerin haruffa kuma Allah kaɗai ya san inda zai faɗa.

mai_gyaran_rediyo

Ni duk ban yarda da ku ba, da Alhaji da Hajiya. Abu in kana son saninsa daga tushe ake kama shi. Murmur. Kai ma in akwai Chronic Town a cikin kayan da aka turo maka, ƙaramin faifai ne mai waƙa 5 na 1982, ba ya cikin lissafin 15 ɗin, to da shi za ka fara.

Dalilina ba na gargajiya ba ne kawai. Ɗan'uwa kai ɗan Samaru ne, to waɗannan mutanen 'yan irin garinku ne. Atens ta jihar Jojiya, ba ta Girka ba, ƙaramin gari ne da jami'a ta riƙe, in ɗalibai sun tafi hutu kasuwa ta mutu, ka san dai yadda Samaru take komawa in an rufe makaranta, masu shayi da masu fotokwafi su yi ta hamma. Buck yana tsaron wani shagon faya-fayai ne mai suna Wuxtry, Stipe ɗalibi mai zuwa yana sayen irin faya-fayen da Buck yake ɓoye wa kansa, daga nan aka saba. Mills da Berry kuma tun daga garin Macon suka san juna. Wasansu na farko watan Afrilu 1980 a wani tsohon coci da aka daina ibada a ciki, bikin zagayowar ranar haihuwar wata ƙawarsu. Manyan gidajen rediyo ba su kula su ba, ƙananan tashoshin da ɗalibai ke gudanarwa a jami'o'i su suka ɗauke su, su kuma suka yi ta zaga gari-gari a tsohuwar mota suna wasa a duk inda aka ba su wuri. Abin da daga baya aka zo ana kira alternative, wato rok na gefe wanda ba na babbar kasuwa ba, ta wannan hanyar ya taso, kuma ƙungiyoyi irin su Nirvana da Radiohead duk sun faɗa da bakinsu cewa sun koya daga R.E.M.

Sannan ga abin da ya fi min daɗi game da Murmur. Ba a jin abin da Stipe yake cewa. Ba wai mu da turanci ya zo mana a aji ba, su kansu Amurkawan ba sa ji, cunkushe kalmomin yake a baki, wasu wuraren ma ba kalmomi ba ne sauti ne kawai, kuma ba su buga baitocin a bangon faifai ba. To ka ga a wannan albam ɗin kai da ɗan Jojiya kunnenku ɗaya, ba wanda ya fi wani. Ni a shago nake sa shi ina aiki, kwastoma ya tambaye ni me yake cewa in ce masa wanda ya haife shi ma bai sani ba. Muryar ta zama kayan kiɗa kamar sarewa, jitar Buck kuma, Rickenbacker ce, ba ya dukanta gaba ɗaya, tsirkiya ɗaya-ɗaya yake tsinka tana ƙara kamar ƙararrawa. Ka ji Radio Free Europe da Talk About the Passion da Perfect Circle. Mujallar Rolling Stone ta zaɓe shi albam mafi kyau na 1983, a shekarar da Thriller na Michael Jackson ke cin kasuwar duniya, ka auna wannan.

Hoton bangon ma abin kallo ne, wata ciyawa ce mai yaɗo da ake kira kudzu, daga Japan aka kai ta kudancin ƙasar Amurka ta fi ƙarfinsu, tana haɗiye bishiya da gida da duk abin da ya tsaya, kamar yadda kainuwa ke rufe kududdufi har ka ɗauka fili ne. Kiɗan ma haka yake, komai a lulluɓe.

Wanda zan ce ka ajiye sai can gaba shi ne Monster. Bayan albam biyu masu sanyi da ba su yi rangadi a kansu ba sai suka dawo da jita mai ƙara da gurnani, an saye shi da yawa saboda sunan da suka yi, da yawa kuma suka mayar, har ya zama abin tsokana cewa ba shagon tsofaffin sidi da za ka shiga ba ka gan shi ba. Ba wai ba shi da kyau ba ne, Let Me In da suka yi wa Kurt Cobain mawaƙin Nirvana bayan mutuwarsa tana ciki kuma tana da nauyi, amma ba abincin baƙo ba ne. Fables ma haka, a Landan suka yi shi cikin sanyi da kewar gida suna ta faɗa da juna, kuma ana jin hakan.

tsohon_kaset

Malam mai rediyo ka yi magana, sai dai kai ma ka san Murmur ba ya kama mutum a ji na farko, sai ya kwana biyu a kunne. Yaron da ke da folda 15 da jarrabawa a gaba ba zai ba shi wannan haƙurin ba. 'Yata ta Kongo kuma na karɓi gyara rabi, na yarda Document ƙofa ce, amma ki tuna abin da ya ja shi tun farko mandolin ne da murya mai rauni, ba ganga ba. Mai neman fura ba a ba shi yaji.

Tunda an taɓo tafiyar Berry bari in cike, don shi ne zai sa ka gane biyar na ƙarshe. A rangadin Monster, watan Maris 1995, suna kan dandamali a Lausanne ta ƙasar Suwizalan jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, aka yi masa aiki ya tashi har ya ƙarasa rangadin. A wannan tafiyar suka ɗauki yawancin New Adventures in Hi-Fi, a wajen gwajin sauti da kan dandamali da ɗakin canza kaya, shi ya sa yake da ƙurar hanya, ya fi awa ɗaya, kuma in ka tambayi waɗanda suka daɗe da ƙungiyar da yawa shi za su ce maka. A 1996 suka sake sa hannu da Warner a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 80. Shekara ɗaya bayan nan, Oktoba 1997, Berry ya ce shi ya gaji, ya koma gona a Jojiya. Mutum ya bar wannan duka ya koma noma. Kuma sai da ya sa sauran suka yi masa alkawarin ba za su watse saboda shi ba.

Abin da ya sa rashinsa ya yi ciwo, ba ganga kaɗai yake bugawa ba, yana cikin masu tsara waƙa, kuma tun farko sun yi yarjejeniya duk waƙar da ta fito sunan su huɗun ake sawa a raba daidai ko wa ya kawo ta. Ina jin wannan ne ya riƙe su shekara 31 ba a ji su a kotu da juna ba, har suka sanar da rabuwa cikin mutunci ranar 21 ga Satumba 2011. A 2024 da aka karrama su a matsayin marubuta waƙa su huɗun suka hau dandamali tare suka yi waƙa ɗaya, kuma waƙar wajen askinka ce.

A biyar na ƙarshen Up ne kawai nake komawa, da na'urori suka cike gurbin ganga, yana da tsawo da duhu amma At My Most Beautiful tana ciki. Reveal ka ɗauki Imitation of Life ka wuce.

bebin_hanwa

ni dai duk wannan dogon turanci ne, akwai tarin da suka fitar da kansu a 2011 bayan sun sanar da rabuwa, Part Lies, Part Heart, Part Truth, Part Garbage, waƙa 40 daga 1982 har ƙarshe a jere bisa shekaru, ka ji shi sau biyu duk inda kunnenka ya tsaya ka duba daga wane albam ne ka je can. ba sai ka yi digiri a kansu ba. kuma kar wanda ya zagi waƙar Shiny Happy People a nan, na san shi Stipe ɗin ma ba ya ji da ita har ba su sa ta a tarin In Time na 2003 ba, ni ina sonta haka nan, da ita nake wanke-wanke

ɗan_samaru

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, ku yi haƙuri kwana huɗu ban leƙo ba, tes muka yi. Na bi shawarar Anti 'yar_kongo na sa shekaru a gaban foldojin, wallahi kamar an share ɗaki, yanzu ina ganin inda na dosa. Yaya kuma na karanta mata bayanin Baba, ta ce to ita dai ba ta ga abin da ya hana su sa wa waƙar suna Haƙuri Ya Ƙare ba tun farko, amma ta daina hararata.

Shekaranjiya da dare aka ɗauke wuta, caji na 31, na ce bari in gwada Automatic yadda Baba ya ce, na fito da tabarma waje saboda zafi na kashe data. Ban yi barci ba. Gaskiya Everybody Hurts ba ta kama ni sosai ba, ƙila don na sha jin gutsurenta a bidiyoyin mutane, amma da aka zo Nightswimming, fiyano kawai ke ta zagaye a wuri ɗaya kamar mai jan guga, sai na tsinci kaina ina tuna lokacin da muke satar zuwa wanka rafi da yaran unguwarmu a dawo a sha bulala, rabinsu yanzu ban san inda suke ba. Sau uku na mayar da ita, waya ta mutu a tsakiyar Find the River, sai da safe na ji ƙarshenta a wajen mai caji.

Document kuma a bas na ji shi jiya daga Samaru zuwa PZ, Anti kin yi gaskiya, wannan na hanya ne, har kwandasta ya taɓa ni sau biyu kafin in ji yana neman kuɗi. Na kama muryar Mills ɗin ma, yanzu ba na iya daina jinta. Malam mai rediyo a yi min afuwa, na gwada Murmur sau ɗaya ban ji komai ba tukuna sai Perfect Circle, amma ban goge shi ba, zan bar shi ya kwana biyu kamar yadda aka ce.

Wata 'yar matsala kuma, na leƙa Green, waƙa ta 11 ba ta da suna, lamba ce kawai, kuma hoton bangon ruwan lemo ne ba kore ba. Ina jin fayil ɗin ya lalace wajen turowa ko kuma yayan abokina ya haɗa da na wasu. In wani yana da mai kyau ya taimaka.

'yar_kongo

Ba abin da ya lalace ƙanena, haka suka fitar da shi. Waƙar ba su sa mata suna ba, bangon kuma da gangan suka yi shi ruwan lemo. Ka ji ta 11 ɗin da kyau, gangar da ke ciki Buck mai jita ne ya buga, shi ya sa take ɗan ɗingishi.